Ka daina tono irin da ka shuka: yadda za ka koyi girman ruhaniya daga halittar Allah

'Yan'uwa salamar Ubangiji. Akwai wata tambaya da masu bi ke yi a ɓoye, ba kasafai ake yinta a gaban jama'a ba saboda kunya, ni kaina na yi fama da ita shekara da shekaru: wai tun yaushe na karɓi Yesu amma har yau fushina na nan daram, addu'ar minti biyar sai hamma, karatun Littafi Mai Tsarki kuma duk farkon shekara in ɗauko da zafi, da na kai Littafin Firistoci sai mai ya ƙare. To ina girman da ake ta faɗa? Akwai shekarar da na ɗaura ɗamara nace sura goma kullum, tashi ƙarfe uku na dare, azumi sau biyu a mako, duka a lokaci guda. Ban kai mako uku ba na zube, kuma inda na faɗi ya fi inda na taso muni, don yanzu ga gajiya ga jin laifi. Sauri ya haifi nawa kenan.

Abin da ya fara warware min kai, kar ku yi dariya, ƙwayar wake ce guda uku a cikin kofi.

Hannun da ya tsara yadda iri ke tsirowa shi ne ya tsara yadda zuciya ke canzawa, maƙeri ɗaya kuwa in ya yi aiki biyu sai ka ga alamar hannunsa a dukansu. Ka duba yadda Yesu ke koyarwa mana, da wuya ya yi dogon bayani bai nuna wani abu da yatsa ba, ga tsuntsayen sama, ga furannin jeji, ga ƙwayar mastad, ga kurangar inabi. Zabura 19 ta ce sammai na shelar ɗaukakar Allah babu murya babu kalma amma saƙon ya zaga duniya, Bulus a Romawa 1:20 yace ikon Allah madawwami ana ganinsa sarai ta abubuwan da ya yi, Ayuba 12:7-8 ma cewa ya yi je ka tambayi dabbobi da tsuntsaye da kifaye su koya maka. Masu bi na dā sun riƙe wannan da kyau. A shekarar 1561 an rubuta wata shaidar bangaskiya a yankin da yanzu ake kira Beljiyam, ta ce ta hanya biyu muke sanin Allah, ta farko halitta wadda ke gabanmu kamar kyakkyawan littafi, kowace halitta babba da ƙarama tamkar harafi, ta biyu kuma wadda ta fi fitowa fili ita ce Maganarsa. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa, don daidai nan mutane ke zamewa.

Fara da abu ɗaya, ka kalle shi har ya so ya gundure ka

Kar ka ce zaka yi tunani a kan halitta dungurungum, ta fi ƙarfin kanka. Zaɓi abu guda wanda zaka iya gani kullum ba sai ka yi tafiya ba, itace ɗaya da kake wucewa, ko layin tururuwa, ko shuka a tukunya. In ba ka da ko ɗaya ga mai sauƙi: samo kofi ko kwalba da ake ganin cikinta, ka cusa auduga ko tishu mai laima, ka sa ƙwayar wake biyu ko uku ta jikin bangon yadda zaka riƙa ganinsu, ka ajiye inda haske ke zuwa, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan kar ya bushe kar kuma ya yi iyo, don iri ma numfashi yake yi, in ruwa ya shanye shi ruɓewa zai yi.

Sai ka ware minti goma a rana, lokaci ɗaya kullum in zai yiwu. Waya a wani ɗakin, kuma dan Allah kar ka fara da ɗaukar hoton da zaka saka a sitatus, da ka fara tunanin wa zai gani to kallon ya ƙare. Ka samu ƙaramin littafin rubutu ka raba shafin gida uku: abin da na gani, abin da Nassi ya ce, abin da zan yi. Gidan farko ya fi wuya, don mu 'yan coci mun saba da saurin fitar da darasi, mutum bai gama kallon ganye ba har ya haɗa wa'azi mai kanu uku da waƙar rufewa. Makon farko kar ka taɓa gida na biyu da na uku sam. Rubuta abin da idonka ya gani kawai, yau ƙwayar ta kumbura, yau ɓawon ya tsage, yau ba abin da ya canza. Wannan na ƙarshen ka rubuta shi da gaskiya duk ranar da ya faru, zai yi maka rana nan gaba. Da Yesu yace a dubi furanni a Matiyu 6:28, kalmar a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ma'anarta a lura da abu har a koyi wani abu daga gare shi, kallon wucewa ba ya ciki.

Saiwa ke fara fita

Ga abin da zaka gani. Ƙwayar za ta sha ruwa ta kumbura, ɓawo ya fashe, cikin 'yan kwanaki wani ɗan farin abu ya leƙo, wannan saiwa ce, kuma ko ta wane gefe ka kwantar da ƙwayar, ko ka juya ta kai ƙasa, saiwar nan sai ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Ganye sai daga baya. Da a cikin ƙasa abin ke faruwa ba wanda zai gani, mai wucewa zai rantse ba a shuka komai a wurin ba.

Yanzu ka buɗe gida na biyu. Karanta Markus 4:5-6, irin da ya faɗi a kan dutse. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan irin shi ya riga kowa tsirowa, kuma Yesu ya faɗi dalili, ƙasar ba ta da zurfi. Wato saurin da muke yi wa tafi a coci wani lokaci alamar matsala ce. Mutum ya tuba watan jiya, wannan watan an ba shi makirfon, wata mai zuwa yana jagorar addu'a, rana na ɗagawa ya yi yaushi sai mu ce ya ja da baya, alhali mu muka ja ganyen sama kafin saiwa ta kama. Irmiya 17:7-8 ya zana ɗayan hoton, itacen da ya miƙa saiwoyinsa zuwa rafi, zafi na zuwa masa kamar kowa, shekarar fari ma tana zuwa, amma ganyensa kore ne saboda inda yake sha ba a gani. Ubangijinmu kansa yana da wajen shekara 30 kafin ya fara hidima a fili, haka Luka 3:23 ta nuna. Musa ya yi shekara 40 a Madayana yana bin tumakin surukinsa. Bulus bayan da Yesu ya bayyana gare shi a hanyar Dimashƙu ya tuba, Arabiya ya nufa, sai bayan shekara uku ya je Urushalima ganin Bitrus.

To me zaka rubuta a gida na uku? Abu ɗaya na ɓoye, ƙarami, wanda ko ranar da kake jin ba daɗi zaka iya yinsa. Ni shawarata minti goma sha biyar, ka ɗauki Bisharar Markus tunda sura 16 ce kacal, sakin layi ɗaya a rana, ka karanta sau biyu, ka mayar da shi addu'a da kalmominka ko da ba su da daɗin ji, shikenan. In ka ga ya yi kaɗan, to haka ake so. Ka ƙara da alheri ɗaya a mako wanda ba mahaluƙin da zai sani, ba sanarwa ba shaida ranar Lahadi, rabin farko na Matiyu 6 kusan a kan wannan yake, sadaka a ɓoye, addu'a a ɓoye, azumi a ɓoye. Kuma ga wani ma'auni da nake yi wa kaina, yana da ɗaci: in hidimata da ake gani ta fi zamana da Allah da ba a gani tsawo nesa ba kusa ba, to ganye ya fi saiwa nauyi, iska ta farko za ta gaya min.

Ka san naka aikin, ka bar wa Allah nasa

Daga baya na shuka wani waken a tukunyar ƙasa, kwana huɗu ban ga komai ba, sai na sa yatsa na tono wai in ga ko yana yi. Yana yi kam. Ni na karya saiwar. Na zauna ina kallon ɗan farin abun nan a yatsana na gane haka nake yi wa raina kullum, in yi addu'a yau a kan haƙuri gobe in tono in ga ko ya fito, in ban gani ba in ce hanyar nan ba ta aiki, in sake wata.

Misalin da ke Markus 4:26-29 Markus kaɗai ya rubuta shi, kuma ban ga inda aka fi bayyana wannan ba. Mutum ya yafa iri, ya kwanta da dare ya tashi da safe, irin na tsirowa yana girma shi bai ma san yadda aka yi ba, ƙasa da kanta take ba da amfani, da fari tsiro, sannan zangarniya, sannan ƙwaya ta cika a zangarniyar. Akwai jeri kuma ba a tsallake shi. Bulus ma ya gaya wa Korintiyawa shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma.

Ka ɗauki sabon shafi ka ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya naka: shuka, ban ruwa, cire ciyawa, wato karatu, addu'a, zuwa sujada, neman gafarar wanda ka ɓata wa, kauce wa wurin da ka san kana faɗuwa. Ɗaya gefen na Allah: canza sha'awar zuciya, lokacin da 'ya'ya za su fito, yawansu. Duk damuwar da ta taso maka ka tambaya a wane gefe take. Zaka yi mamakin yadda muke kwana muna ɗaukar kayan gefen Allah a kai alhali namu gefen ciyawa ta cinye. Kar kuma wani ya ɗauki wannan lasisin lalaci, manomin misalin ai ya yi shukar kafin ya kwanta, Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun a numfashi ɗaya, ku yi aiki domin Allah ne ke aiki a cikinku. Ciyawa kuma ba wanda ke shuka ta, da kanta take zuwa, Yesu ya kira sunayenta a Markus 4:19, damuwar duniya, ruɗin dukiya, kwaɗayin wasu abubuwa. Tun tana ƙarama yatsa biyu ke cire ta. In ka bari ta yi saiwa sai ka tumɓuko har da shukar.

Game da tsawon lokaci, je ka Littafin Firistoci nan da muke gudu, 19:23-25. Allah ya ce wa Isra'ilawa in sun dasa itacen 'ya'ya, shekara uku kar su ci, ta huɗu ta Ubangiji ce, sai a ta biyar su fara ci. Mai wannan dokar shi ke renonka, ba ya cikin gaggawar da kake ciki.

Dare ma yana cikin shirin

Ka sake karanta Farawa sura ta 1 a hankali, kowace rana ana cewa maraice ya yi, safiya ta yi. Maraice ke gaba. Shi ya sa har yau ranar Yahudawa daga faɗuwar rana take farawa, kamar mutum ya fara ranarsa da kwanciya yana barin duniya a hannun mai ita. An halicci mutum a rana ta shida, cikakkiyar ranarsa ta farko kuwa ranar hutu ce, bai riga ya yi aikin komai ba.

Sa hannu a ƙirjinka. Zuciyar nan tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, amma in mutum na zaune lafiya, lokacin da take sake jiki tsakanin bugu da bugu ya fi lokacin da take matsewa tsawo, kuma yawancin jinin da ke ciyar da tsokar zuciyar kanta a lokacin sakewar nan yake shiga. Tana ba duk jiki in ta matse, ita kuma tana ci in ta saki. Masu ɗaga ƙarfe ma sun san tsoka ba a wurin motsa jiki take ƙaruwa ba, sai an huta an yi barci take gyara kanta.

Abin yi a nan ba shi da tsawo. Ka tsai da lokacin kwanciya ka ɗauke shi da nauyi kamar lokacin addu'a, don rabin abin da muke kira sanyin ruhaniya rashin barci ne da latsa waya har ƙarfe ɗaya. Kafin ka kwanta minti biyar, ka faɗi abu uku na godiya, abu ɗaya na tuba, ka miƙa na gobe. Rana ɗaya cikin bakwai ka ajiye abin da ke kawo maka kuɗi ko suna gwargwadon yadda halinka zai bari, kuma masu hidima a coci ku ji da kyau, Lahadin da kuka yi tun asuba har dare kuna kai da kawowa ba hutu bane, ku nemi wata ranar ko rabinta. Yesu da kansa yace wa almajirai su zo gefe su ɗan huta a Markus 6:31, lokacin da ko sukunin cin abinci ba su da shi. Iliya da ya ce a ɗauki ransa ya gaji, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci da ruwa ne, ya sake kwanciya, magana sai daga baya.

Wuƙar mai gona

Wannan ɓangaren ba na sonsa, amma yana cikin littafin. Yahaya 15:2 ta ce reshen da ba ya 'ya'ya ana sare shi, wanda ke yi kuma ana datse shi don ya ƙara. Dukansu biyu wuƙa na taɓa su. Masu noman inabi sun san inabi na fitowa ne a sabon tohon da ya fito daga reshen bara, shi ya sa duk shekara suke datse mafi yawan abin da kurangar ta fitar, har kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Wanda bai sani ba in ya ga gonar bayan datsa zai ce an yi ɓarna. In aka ji tausayinta aka bar ta kuwa, ganye za ta cika da shi, inuwa ta rufe, 'ya'yan su fito ƙanana masu tsami.

Abin lura, rassan da ake datsewa yawanci lafiyarsu ƙalau, kore shar. Zunubi ai mun san a tuba a bar shi. Mai wuyar shi ne abu mai kyau da ke shanye ruwan da ya kamata ya je wa 'ya'ya. Ka rubuta duk abin da ka ce e a kansa, kwamiti, ƙungiya, guruf na waya, alkawuran da ka ɗauka don kunya, sai ka tambayi kowanne: kai 'ya'ya kake ba ni ko ganye? Ka cire ɗaya a wannan watan, ɗaya tak, ka faɗa wa mutanen da ladabi ba ka ɓace kawai ba.

Wata datsar kuma ba kai ke zaɓa ba, ƙofa ta rufe, aiki ya tafi, wanda ka dogara gare shi ya juya baya. Nan sai a yi hattara da baki. Ba kowace masifa ba ce zaka iya cewa ga dalilinta, abokan Ayuba sun gwada, Allah ya tsawata musu a sura ta 42. In ɗan'uwa na cikin makoki kar ka je masa da lacca a kan inabi, ka zauna da shi kawai. Wannan tambayar ta mutum da kansa ce, kuma sai ƙura ta lafa. Abin da dai masu renon itatuwa suka sani shi ne ƙaramin itacen da aka ɗaure tamau a jikin sanda har iska ba ta iya kaɗa shi, tsawo yake yi siriri, wanda aka bari yana ɗan lilo kuwa gindinsa ke kauri. Yakubu 1:2-4 kusan abin da take faɗa kenan.

Inda ake zamewa

Na ce zan dawo. Halitta littafi ce amma Nassi ke yi mata fassara, kuma in ka juya jerin zaka iya fitar da komai daga daji. Babban kifi na haɗiye ƙarami, akwai tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙar wani ya bar masa reno, wa zai ce mu yi koyi da wannan? Romawa 8:20-22 ta ce halitta kanta tana nishi tana jiran 'yanci, don haka ba duk abin da ka gani a cikinta bane tsarin da Allah ke so ka bi. Dokata mai sauƙi ce, duk darasin da na ɗauko daga gida na farko in ban same shi a fili a gida na biyu ba, ba ya shiga gida na uku.

Na biyu, ka tabbata abin da kake faɗa gaskiya ne. Labarin nan da ke yawo wai gaggafa in ta kai shekara 40 sai ta hau dutse ta fasa bakinta ta tuge faratanta da gashinta ta sake sabuwar rayuwa, ƙarya ce tsagwaronta, tsuntsun da ya rasa baki yunwa za ta kashe shi, gashi kuma a hankali yake sauya shi. Na ji shi a wa'azi, har na taɓa maimaita shi wa yara, Allah ya gafarta min. Allah na gaskiya ba ya bukatar mu ƙirƙiro masa abin mamaki.

Akwai mutumin da nake tunawa a nan, Yohanes Kefla, Bajamushe mai nazarin taurari, wanda da farko karatun tauhidi yake don ya zama fasto. A zamaninsa kusan kowa ya yarda duniyoyi na tafiya a kan cikakkiyar da'ira, don a ganinsu ita ta dace da aikin Allah. Ya yi shekaru yana lissafin tafiyar duniyar Mas, lissafinsa ya kusa daidai, bambancinsa da abin da aka auna a sama minti 8 ne kacal na digiri, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wata yadda ido ke ganinsa. Da wani ne sai ya share. Shi ya ƙi, ya watsar da da'irar, a 1609 ya fitar da cewa hanyar mai ɗan tsawo ce kamar ƙwai. Ya bar abin da Allah ya yi ya gyara abin da yake zaton Allah ya kamata ya yi, wannan halin nake so ka ɗauka zuwa gaban kofinka.

Na uku a taƙaice: kallon halitta daban, duba daban. In ka fara cewa ka ga 11:11 a agogo sau uku don haka ga saƙo, ko kana bin taurarin watan haihuwa, ka sauka daga hanya, Maimaitawar Shari'a 4:19 da Ishaya 47:13 sun riga sun yi magana.

Yadda ake auna girma

Ba kullum ba. Yaron da ake aunawa kowace safiya ba ya taɓa girma a idon mai awo, sai baƙon da ya yi shekara bai zo ba ya ce kai, wannan ne? Ka koma littafinka ka ƙirga ranakun da ka rubuta ba abin da ya canza, sannan ka kalli shukar. Bayan wata uku uku ka zauna da Galatiyawa 5:22-23, ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai, kuma kar ka ba kanka maki da kanka, tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya ko kuke aiki tare, don itace ba ya cin 'ya'yansa, waɗanda ke kusa su suka san ɗanɗanon. Ka shirya jin abin da ba ka so, kar ka kare kanka, ka ce na gode ka rubuta.

In aka sare itace a wuraren da yanayi ke sauyawa sosai, zaka ga zobe zobe a kututturen, kowace shekara da nata, shekarar wadatar ruwa mai faɗi, ta fari siririya. Siririyar ma ƙari ce. Akwai wani Bafaranshe da aka fi sani da Ɗan'uwa Lorans, wanda ya yi shekaru yana aikin kicin a wani gidan masu ibada a Faris, ya rasu a 1691. Yana ɗan shekara 18, a tsakiyar hunturu, ya ga wani itace tsirara ba ganye ko ɗaya, sai ya tuna ba da daɗewa ba ganye zai dawo, fure ya biyo, 'ya'ya su biyo, daga nan ikon Allah da kulawarsa suka shiga ransa ba su ƙara fita ba. In kana lokacin da addu'a ke kamar magana da bango, ka rage tsawo in ya kama amma kar ka yanke, ka koma Zabura 42 da 88 ka ari bakin waɗanda suka riga ka shiga wurin, ka kuma gaya wa wani babba cikin bangaskiya. In abin ya haɗa da rashin barci da rashin cin abinci na makonni da jin rayuwa ba ta da amfani, ka ga likita ma, ba rashin bangaskiya bane.

Wakenka kuma ba zai dawwama a kofi ba. Abincin da yake ci tun farko guzurin da ke cikin ƙwayar ne, zaka ga ɓarin ƙwayar biyu suna motsewa har su faɗi, daga nan auduga ba ta da abin ba shi, sai ƙasa. A cikin ƙasar akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke shiga saiwar wake su yi mata 'yan ƙulle ƙulle, suna samo mata sinadarin taki daga iska, ita kuma tana ciyar da su. Ibadar ɗaki ita kaɗai kofi ce, Ibraniyawa 10:24-25 ka karanta a gida na biyu ranar, a gida na uku kuma ka rubuta sunan mutum biyu ko uku da zaka riƙa haɗuwa da su kuna faɗa wa juna gaskiya, ko da cocin naku na da abubuwan da ke ba ka haushi. Dashen ka yi shi da yamma in rana ta yi sanyi, ka riƙe shukar ta ganye ba ta kara ba, audugar da ta manne wa saiwa ka bar ta ka binne da ita. Za ta yi yaushi kwana ɗaya ko biyu. Ka ba ta ruwa, ka rubuta kwanan wata, ka cire yatsanka daga ƙasar.